Yadda Ƙirgar Babi Da Shafi A Littattafan Harry Potter Ta Kai Ga Kotu

Ran 14 ga watan Afrilu, 2008, wata kotun tarayya da ke birnin New York a ƙasar Amurka ta fara sauraron wata ƙara wadda ba a saba ganin irinta ba. Masu ƙarar su ne Madam J. K. Rowling, marubuciyar nan 'yar ƙasar Birtaniya wadda ta ƙago labarin Harry Potter, da kuma kamfanin Warner Bros. mai shirya finafinan labarin. Wanda ake ƙara kuwa wani ɗan ƙaramin kamfanin ɗab'i ne mai suna RDR Books na Jihar Michigan. Amma mutumin da rigimar ta taso a kan aikinsa ɗaya ne daga cikin manyan masoyan marubuciyar, wato Mista Steve Vander Ark, tsohon mai kula da laburaren wata makaranta, wanda ya shafe shekaru yana bin littattafan babi-babi yana rubuta abin da ke cikinsu.

Shi dai labarin Harry Potter almara ce ta wani maraya da aka kai shi makarantar koyon sihiri, kuma ya fito ne cikin littattafai bakwai daga 1997 zuwa 2007. A 2018 aka ba da sanarwar cewa an sayar da fiye da kwafi miliyan 500. Babobinsa 198 ne, ban da ɗan jawabin rufewa da ke ƙarshen littafi na bakwai, kuma a cikinsu akwai ɗaruruwan sunayen mutane da garuruwa da dodanni da surkulle. Ko wadda ta rubuta su ba za ta iya riƙe su duka a ka ba.

Wannan ne ya sa Mista Vander Ark ya buɗe wata fihirisa a intanet a shekarar 2000, ya sa mata suna Harry Potter Lexicon. Shi da waɗansu masu taimaka masa sai suka riƙa jera kowane suna bisa tsarin abacada, suna bayyana shi, sa'an nan su nuna wurin da ya fito. Kyauta suke aikin, kyauta kuma jama'a ke karantawa.

ABIN DA YA SA BABI YA FI SHAFI

Matsala ta farko da ke fuskantar duk mai irin wannan aiki ita ce lambar shafi. Kamfanin Bloomsbury na Landan ne ke buga littattafan a Ingila, kamfanin Scholastic kuma a Amurka, kowa da irin girman baƙaƙensa da tsarin shafinsa. Littafi na ɗaya shafi 223 ne a bugun Ingila, amma 309 ne a na Amurka, har ma sunansa ya bambanta. Na biyar, wanda ya fi sauran kauri, shafi 766 ne a Ingila, 870 a Amurka. Saboda haka idan mutumin Landan ya ce a duba shafi kaza, mutumin New York zai buɗe ya tarar da wata magana dabam. Dabarar da masu fihirisar suka yi ita ce su taƙaita sunan littafi cikin 'yan baƙaƙe, su bi shi da lambar babi, domin babi ba ya gusawa daga matsayinsa ko da wane bugu ne a hannun mai karatu.

Duk da haka akwai inda shafi ke da muhimmanci ƙwarai. Kwafi 500 kacal masu kauraren bango aka buga a karon farko na littafi na ɗaya a watan Yuni, 1997. A shafi na 53 na wannan bugu, cikin jerin kayan da ake bukatar ɗan makaranta ya zo da su, an yi kuskuren rubuta sandar tsafi sau biyu. Wannan kuskure yana cikin alamomin da dillalan tsofaffin littattafai ke dubawa kafin su tabbatar da cewa kwafi na asali ne. A watan Disamba, 2021, an yi gwanjon irin wannan kwafi a birnin Dallas a kan dala 471,000.

KURAKURAN DA AKA TONO

Bin diddigin babobi ya kuma warware abubuwan da marubuciyar ba ta faɗa ƙarara ba. Littattafan farko ba su ambaci shekarar da labarin ke gudana ba. Amma a babi na 8 na littafi na biyu wata fatalwa ta yi bikin cikarta shekara 500 da mutuwa, kuma an nuna cewa ran 31 ga watan Oktoba, 1492, ta mutu. Daga nan masu karatu suka lissafa cewa wannan babi a 1992 yake, kuma tun da Harry yana da shekara 12 a lokacin, ke nan a 1980 aka haife shi. Sai a 2007 babi na 16 na littafi na bakwai ya gaskata lissafinsu, inda aka ga cewa iyayensa sun rasu ne a 1981, yana ɗan shekara guda.

Har ila yau, a babi na 34 na littafi na huɗu, wanda ya fito a 2000, an ce kurwar waɗanda mugun labarin ya kashe za su fito daga sandarsa, na ƙarshen mutuwa shi ne farkon fitowa. Tun da uban Harry aka fara kashewa, uwar ce ya kamata ta riga shi fitowa, amma bugun farko ya gabatar da uban. Masu karatu suka yi ta magana, aka gyara a bugun da ya biyo baya. Ita kanta Madam Rowling ta ba fihirisar lambar yabo a 2004, ta kuma bayyana cewa takan leƙa ta don ta tabbatar da wani abu yayin da take rubutu a waje.

INDA AKA SAƁA

Hausawa sun ce tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. A 2007 kamfanin RDR ya shawo kan Mista Vander Ark ya yarda a mai da fihirisar littafin sayarwa, mai ɗauke da bayanai 2,437. Ran 31 ga watan Oktoba na wannan shekara aka shigar da ƙara. Madam Rowling ta shaida wa kotu cewa ba ta damu da aikin da ake yi kyauta ba, amma wannan littafi kwashe guminta ne kawai aka yi aka sake jerawa, ga shi kuma tana da niyyar rubuta nata kundin don ta ba da kuɗinsa sadaka. Lauyoyin kamfanin, waɗanda suka haɗa da na Jami'ar Stanford, suka ce fihirisa jagora ce ga mai karatu, kuma doka ta halatta ta. Kwana uku aka yi ana shari'a, har Mista Vander Ark ya zubar da hawaye a lokacin da yake ba da shaida.

Ran 8 ga watan Satumba, 2008, Mai Shari'a Robert Patterson ya yanke hukunci. Ya hana buga littafin, ya kuma ci kamfanin tarar dala 6,750, wato dala 750 a kan kowane ɗaya daga littattafai bakwai ɗin da waɗansu ƙanana guda biyu da marubuciyar ta fitar a 2001. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da doka ta tanada. Dalilinsa shi ne an kwafi kalmomin marubuciyar fiye da kima, sau da yawa ba tare da wata alama da ke nuna cewa nata ne ba. Amma ya ƙara da cewa littattafan jagora irin wannan abu ne da ya kamata a ƙarfafa, kuma marubuci ba shi da ikon hana waɗansu rubuta su.

Hukuncin ya nuna wa masu wannan aiki iyakarsu. Suna da damar su ƙirga babi, su nuna shafi, su tono kuskure, su kuma yi bayani da bakinsu, amma jimlolin littafin na mai littafin ne. Kamfanin RDR ya ɗaukaka ƙara, daga baya ya janye. Mista Vander Ark ya koma ya sake rubuta aikin da kalmominsa, ya ƙara sharhi, ya rage abin da ya kwafa. A watan Janairu, 2009, littafin ya shiga kasuwa, kuma ba wanda ya sake kai shi kotu.