Daga Yola zuwa Abuja: Yadda Ake Lissafin Awa Ɗaya a Sama

Duk wanda ya taɓa tashi daga filin jirgin saman Yola da ke Jimeta, wanda aka raɗa wa sunan Lamido Aliyu Mustapha a 2023, ya san cewa zuwa Abuja tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintuna. Amma alƙaluman da ke bayan wannan awa sun cancanci a duba su.

A miƙe, tazarar filin Yola da filin Nnamdi Azikiwe na Abuja kimanin kilomita 570 ce. Jirgin fasinja idan ya daidaita a sama yana cin wajen kilomita 800 a awa. Da gudun ne kaɗai ake ƙirgawa, da minti 43 ya isa. To ina sauran suka shiga?

Lokacin da ke jikin tikiti yana farawa ne daga sa'ad da jirgi ya motsa daga wurin ajiyarsa, ya ƙare sa'ad da ya tsaya cak a can. A ciki akwai gangarawa zuwa titin tashi, da jiran izini, da hawa sama, da saukowa sannu a hankali. Waɗannan kan ci kusan rabin awa, ko tafiyar gajera ce ko doguwa.

Shi ya sa ninka nisa ba ya ninka lokaci. Yola zuwa Legas kimanin kilomita 1,050 ce, kusan ninki biyu na Abuja, amma jirgin da ya tafi kai tsaye bai kai awa 2 ba. Alhazan Adamawa kuwa, tsakaninsu da Jidda akwai wajen kilomita 3,170 a miƙe, wato awa 4 da rabi bisa wannan lissafi. Sai dai miƙaƙƙiyar hanyar ta Sudan take bi. Da yaƙi ya ɓarke can a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jiragen alhazai suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin mai ya ƙaru.

A ƙasa labarin daban ne. Motar da ta bi ta Numan, Gombe, Bauchi da Jos za ta ci kimanin kilomita 800 kafin ta shiga Abuja, kuma yini guda ake kwashewa. Hanya ta ƙaru da ƙasa da rabi, lokaci kuwa ya ninka fiye da sau goma.

Wannan gibin ne ya sa jirgi ba kayan alatu ba ne ga mutanen Adamawa. Ranar da hazon hunturu ya hana jirgi sauka a Jimeta, marar lafiyar da likita ke jira a Abuja ba awa ɗaya ya rasa ba, yini guda ne a kan titi.