Famfon mai da ma'aunin mai a cikin tankin mota

Motar da ke kai hatsi kasuwa, ita ce kuma ke kai maras lafiya asibiti. Idan ta tsaya a tsakiyar daji, asara ce babba. Sau da yawa, dalilin tsayawar yana cikin tankin mai.

Aikin famfo

Injin mota ba ya shan mai da kansa. Famfo ne ke tura masa. A tsofaffin motoci, kamar Peugeot 504, famfon yana jikin injin, kuma juyawar injin ce ke motsa shi. A mafi yawan motocin fetur na yanzu, famfon yana cikin tanki, yana aiki da wutar batir. An sa shi can ne domin man da ke kewaye da shi yana sanyaya shi. A bakinsa akwai ƴar rariya mai tace datti.

Aikin ma'auni

A cikin tankin akwai wani ɗan abu maras nauyi da ke yawo bisa mai, kamar yadda gora ke yawo bisa ruwa. An haɗa shi da siririn ƙarfe. Idan mai ya ragu, sai ya sauka, ƙarfen ya goga wani ɗan faranti mai sauya ƙarfin wutar da ke zuwa gaban direba. Ta haka allura ke nuna yawan mai. Idan farantin ya cinye, allurar takan yi ƙarya.

Abin da ke kashe famfo

Na farko, tafiya kullum da mai kaɗan. Famfon yakan yi zafi, ya zuƙi iska, ya ƙone. Na biyu, mai maras tsabta. Man kwalba na bakin hanya yana iya ɗauke da ƙura ko ruwa, ya toshe rariyar.

Shawara ga masu mota

1. Kada a bar mai ya sauka ƙasa da rubu'in tanki.
2. A tace man kwalba da tsabtataccen ƙyalle kafin a zuba.
3. Idan an murɗa makulli, a saurara: lafiyayyen famfo yana ɗan gunji na daƙiƙa 2 ko 3.
4. Idan allura ta daina motsi, a je wurin makaniki.
5. Kada a kusanci buɗaɗɗen tanki da taba, ashana ko fitilar kananzir. Tururin fetur yana kama wuta nan take.

Lita kaɗan ta fi sabon famfo arha. Rigakafi ya fi magani.