Abin da ya sami tandar Gwaggo

Gwaggona mai masa ce a Bauchi, kuma tandar da take suya da ita ta girme ni. Ta ƙarfen zubi ce, baƙa wuluk, mai gurbi goma sha biyu, layi uku na hurhuɗu. Yaro ba ya iya ɗaga ta da hannu ɗaya. Shekara da shekaru masa tana fita daga cikinta sumul, da cokali ya taɓa gefe sai ta juye. Kwatsam da damina tanda ta fara kamu. Masa ta manne, a ɓamɓaro ta da ƙyar, ta fito a yage, ƙasanta da ɗigo-ɗigon baƙi, wani lokaci har da ɗanɗanon ƙarfe. Ga macen da ake yi wa layi a ƙofar gida tun bayan asuba, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Wata maƙwabciya ta ce baki ne, a nemo tofi. Gwaggo ba ta musa mata ba, ta yi addu'arta, sannan ta ce a fara duba ƙullu.

Ƙullun ya cancanci zargi. Ba a jima da sauya buhun shinkafa ba, kuma duk mai suya ta san idan sukari ya yi yawa masa takan ƙone ta kama, haka ma idan ƙullu ya yi ruwa ko ya zarce wajen tashi. Aka rage sukari, aka rage yis, babu abin da ya sauya. Sai Gwaggo ta aro tandar ƙasa, ta ɗora a kan gawayi, ta zuba ƙullun nan dai. Masa ta tashi fara tas, gefenta ja, ba ko ɗaya da ta kama. Shinkafa ta fita daga zargi ke nan, man gyaɗa ma ya fita, don shi aka zuba a duka biyun.

Yarinyar da ke taya ta aiki ce ta faɗi abin da manya ba su lura da shi ba. Ta ce, "Gwaggo, ai ba duka ke kamawa ba. Biyun nan na tsakiya ne." Aka fito da tanda tsakar gida, cikin haske. Gurabun gefe baƙi ne masu sheƙi, idan ka shafa yatsa sai ya zame. Biyun tsakiya kuwa sun koma ruwan toka, sun bushe, suna da kaushi, kuma a gindin ɗaya akwai zaren tsatsa ja. Na kusa da su rabi baƙi, rabi fari-fari, farin yana fuskantar tsakiya.

Gwaggo ta dubi yarinyar ta ce, "'Yar nan, da me kike wanke ta?" Ta ce da toka da soson ƙarfe, har sai ta ga fari.

Nan kowa ya ce an kama ɓarawo, kuma akwai gaskiya a ciki. Baƙin da ke jikin tandar ƙarfe ba datti ba ne. Mai ne da ya sha wuta. Idan aka shafa mai kaɗan a ƙarfe aka zafafa shi ya kai digiri 200 ko sama da haka, ƙwayoyinsa sukan sarƙe da juna, ya daina zama mai, ya zama wata fata mai tauri da ta like a jikin ƙarfen. Kowace suya tana ƙara mata kauri. Ita ke cike ƙananan ramukan da zubi ya bari, ita ke raba ƙullu da ƙarfe, ita ke hana ruwa kaiwa ga ƙarfen balle ya yi tsatsa. Kamfanin Lodge na jihar Tennessee a Amurka, wanda ke zubin kasake tun 1896, ya fara gasa wa kayansa wannan fatar tun daga masana'anta a 2002, saboda masu saye ba su da haƙurin yin ta da kansu. Abin da Gwaggo ta tara da man gyaɗa cikin shekaru, shi soson ƙarfe ke kankarewa, toka kuma tana taya shi, domin ruwan toka ɗan'uwan kanwa ne, yana cin maiƙo.

Wannan ya bayyana ɗanɗanon ƙarfen ma. Ƙullun masa kwana yake yi, yana da tsami, tsami kuwa idan ya taɓa ƙarfe tsirara yakan narkar da ɗan kaɗan daga cikinsa. Gwaggo ta tsorata, ta ce kada a ce guba take sayar wa mutane. Ba guba ba ce. Irin sinadarin da jini ke buƙata ne, har a 1999 wani bincike a Habasha ya nuna yaran da ake dafa wa abinci a tukunyar ƙarfe jininsu ya fi ƙaruwa a kan na tukunyar alminiyam. Sai dai mai sayen masa ba magani ya zo nema ba.

Aka hana toka, aka ɓoye soso, aka shafe gurabun da mai. Tanda ta ɗan lafa, sannan kamu ya dawo, a gurbi biyun nan dai. Da aka sake tambayar yarinyar, sai ta ce ita fa ba ta taɓa dirza tanda ba sai bayan da ta fara kamu, ƙanzon da ya ƙi fita take cirewa, shi ya sa ba ta taɓa na gefe. Ashe dirza ta ƙara ciwo ne kawai, ba ita ta kawo shi ba.

Me kuma ya sauya da damina? Gawayi ya yi tsada, ga jiƙewa, ga hayaƙi yana damun ƙirjin Gwaggo, sai ɗanta ya sayo mata murhun gas. An ambaci wannan tun farko, ta ce, "Wuta ai wuta ce." Ga kuma hujja a hannunta: wata abokiyar sana'arta tana suya a kan gas, lafiya lau. Da aka bincika, tandar waccan ta alminiyam ce, irin wadda maƙera ke zubawa da tarkacen gwangwani da kayan mota.

Gwajin da ya raba gardama ba ya cin ko kwabo. Aka barbaɗa fulawa a duk faɗin tanda, aka ɗora ta a gas ba mai. Ana tsaye, fulawar tsakiya ta yi ja, ta yi baƙi, ta soma hayaƙi, ta kusurwa kuwa tana nan fara kamar ba a kan wuta take ba. Zoben murhun ya fito ƙarara a jikin tanda.

Mutane da yawa suna zaton ƙarfen zubi yana raba zafi daidai. Riƙe zafi yake yi, saboda nauyinsa, amma wajen kai zafi daga nan zuwa can malalaci ne, alminiyam ya ninka shi kusan sau huɗu. A kan gawayi ba a gane wannan, domin garwashi ya bazu a ƙarƙashin tanda gaba ɗaya kuma a hankali yake kamawa. Gas kuwa nan take yake ba da ƙarfinsa duka, a ɗan zoben da bai fi tafin hannu ba. Gwaggo ta saba ta ɗora tanda ba komai, ta shiga ɗaki ta motsa ƙullu ta gyara miyar taushe. Ga shi gefe ba ya zafi, sai ta ƙara wuta don masar gefe ta nuna. Fatar da matsakaicin zafi ke ginawa, zafin da ya wuce kima ƙone ta yake yi ta zama toka. Ɗigon baƙin da ke jikin masa ɓurɓushinta ne.

Gyaran sai da haƙuri. Aka kankare tsatsar, aka wanke, aka busar a kan wuta, aka shafa man gyaɗa da tsumma aka goge har ya zama kamar ba a shafa ba, don mai idan ya yi kauri danƙo yake yi. Aka gasa a garwashi sai da hayaƙi ya ɗauke, aka bari ta huce, aka maimaita. Wanki yanzu ruwan ɗumi ne da soso mai laushi, ba a jiƙa ta, ba a zuba mata ruwan sanyi tana da zafi, don ƙarfen zubi tsagewa yake yi. Gas ya koma wajen miya da ruwan shayi, tanda ta koma kurfoti. Ɗanta yana neman murhu mai faɗin kai, Gwaggo ta ce ko ya samo, sai an barbaɗa fulawa ta gani da idonta kafin ƙullunta ya hau.