Dashen haƙori: Dalilin yi wa ƙusar titaniyam shafe

A shekarar 1965 ne likitan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya fara dasa wa mutum ƙusar titaniyam a muƙamuƙi, bayan ya gano cewa ƙashi kan manne da wannan ƙarfe. Sai dai mannewar kan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin a ɗora haƙori a kai.

Domin rage jiran, masana'antu kan goge jikin ƙusar da feshin yashi da asid har ta yi kaushi. Wasu kuma kan shafe ta da haɗin kalsiyam da fosfet, irin sinadarin da ke ƙarfafa ƙashin ɗan Adam. Da haka ƙashi kan yi saurin kama ta, wani lokaci cikin mako 6 zuwa 8.

Amma kaushin nan maɓoya ce ga ƙwayoyin cuta, shafen kuma kan iya ɓarewa. Saboda haka, wanda zai taso daga Mabai, Faskari ko Sabuwa zuwa Kano ko Zariya domin dashe, ya tambayi likita irin ƙusar da za a sa masa. Ya kuma sani cewa shan taba, ciwon sukari da ba a kula da shi da rashin goge baki na iya lalata dashen, komai ingancin shafen.