Makullin mota mai telekomand ya daina aiki: abin da za a duba kafin a sayi sabo

Yawancin motocin hannu da aka shigo da su Nijar ta tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome sun zo ne da makulli mai telekomand, wanda ake danna shi daga nesa ƙofofi su buɗe. Sau da yawa kuma makulli ɗaya tal ake miƙa wa mai saye. Ranar da ya daina aiki, mai mota a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai yakan tsinci kansa tsaye a rana, ƙofa a kulle ko inji ya ƙi tashi, wani na gefe yana ce masa sai an yi odar sabo. Amma a mafi yawan lokuta matsalar ƙarama ce, kuma ana iya gano ta idan aka bi mataki mataki, daga mai araha zuwa mai tsada.

Abubuwa uku ne a cikinsa

Makullin yana ɗauke da abubuwa uku, kowanne da aikinsa. Na farko ƙarfen makulli, wanda a wasu motoci yake ɓoye a cikin gidan roba. Na biyu telekomand, wato ƴar na'urar da ke aika saƙo ta iska zuwa motar, kuma da ƙaramin pil take aiki. Na uku wani ɗan pus ne, ƙarami ƙwarai, mai ɗauke da lambar sirri. Shi ne ke shaida wa kwamfutar motar cewa makullin nata ne, sannan ta yarda inji ya tashi. Tun shekarar 1998 dokar Turai ta wajabta wannan tsari na hana satar mota a sabbin motoci.

Wannan pus ɗin ba ya bukatar pil. Daga zoben da ke kewaye da kontak yake samun ƙarfinsa. Saboda haka idan telekomand ya mutu amma mota tana tashi, laifin na pil ne ko na maɓallan dannawa. Idan kuwa ƙofofi suna buɗewa amma inji ya ƙi tashi, ga ƴar fitila mai alamar makulli tana ƙyaftawa a tablo, to a nemi matsalar a wajen pus.

A fara da pil

Pil yakan yi shekara 2 zuwa 4, ya danganta da irin makullin. Kafin ya mutu yana ba da alama: sai an matso kusa da mota sosai, ko sai an danna sau biyu ko uku. Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, yana rage masa kwana, musamman idan ana barin makulli a kan tablo.

Ana buɗe gidan da ɗan ƙaramin turnabis ko da ƙwandala, a hankali, ta wurin tsagar da ke gefe. Lambar pil tana rubuce a jikinsa. Wanda aka fi samu shi ne CR2032, sai CR2025, CR2016 da CR1632. Duka volt 3 ne, amma girmansu ya bambanta: CR2032 yana da faɗin milimita 20 da kaurin milimita 3,2, shi kuwa CR2016 kaurinsa milimita 1,6 ne. Idan aka sa siriri a gurbin mai kauri, zai riƙa motsi, wuta na yankewa. A kula da ɓangaren mai alamar + kafin a cire tsohon, don a mayar da sabon yadda yake.

Ba kowane pil da ke cikin leda ne sabo ba. Wanda ya daɗe a kan tebur cikin rana yana iya zama rabin matacce. Masu gyaran salula suna da na'urar gwaji: sabon pil yana nuna sama da volt 3 kaɗan, wanda ya sauka ƙasa da haka sosai kuwa ya gaji.

Tsohon pil kuma kada a yar da shi a tsakar gida. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, yana iya ƙona naman wurin cikin awa 2. Wanda hakan ta faru da ɗansa ya garzaya asibiti nan take, ko da yaron bai nuna alamar ciwo ba.

Ƙura, ruwa da faɗuwa

Idan sabon pil bai magance ba, sai a duba cikin makullin. Ƙurar hunturu da gumin hannu suna taruwa a ƙarƙashin robar maɓallai da kan ƴan ƙarafan da ke taɓa pil. Ana goge su da auduga da alkol na farmasi, a bari su bushe. Idan ƴan ƙarafan sun kwanta, a ɗan ɗaga su don su matse pil.

Makullin da ya faɗa ruwa, ko aka wanke shi cikin aljihun riga, a cire masa pil nan da nan, kada a riƙa danna shi don gwaji. A goge da alkol, a ajiye shi a buɗe cikin inuwa kwana ɗaya ko biyu. Yawan faɗuwa ƙasa kuma yana tsinka dalmar da ke riƙe maɓalli ko gidan pil. Wannan sananniyar matsala ce a makullan Renault masu siffar kati, kuma ƙwararren mai gyaran salula yana iya sake liƙa ta.

Wataƙila laifin motar ne

Mai makulli biyu ya gwada ɗayan. Idan duka biyun sun ƙi, da wuya a ce tare suka lalace. A duba batirin mota: mai lafiya yana nuna kusan volt 12,6 idan inji a kashe yake. Idan ya sauka sosai, motar tana iya kasa jin saƙon makulli. Fizibil na makullan ƙofa ma yana iya ƙonewa. Akwai kuma wuraren da ke kusa da manyan eriyoyi inda saƙon ke rikicewa, sai an matso dab da motar yake aiki.

Motar da ake tayarwa da danna maɓalli tana da mafita ko da pil ya mutu. A zaro ƙarfen da ke ɓoye a buɗe ƙofar direba. A wasu motoci ramin makullin yana ƙarƙashin murfin roba na hannun ƙofa. A cikin Toyota da wasu da dama, sai a taka birki, a manna makullin a jikin maɓallin tayarwa, sannan a danna. Wasu kuma suna da gurbi na musamman da ake sa shi.

Kurakurai biyu masu cin kuɗi

Na farko yana faruwa wajen canza gidan roba da ya fashe. A wasu makullai pus ɗin yana zaune shi kaɗai a wani lungu, kamar ƙwayar shinkafa ta gilashi ko ɗan baƙin guntu. Idan aka kwashe sauran kayan zuwa sabon gida aka jefar da tsohon da pus a ciki, ƙofa za ta buɗe, makulli zai juya, amma inji ba zai tashi ba. Kada a yar da tsohon gida sai an ga mota ta tashi.

Na biyu shi ne sayen telekomand don kawai ya yi kama da na asali. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka galibi suna aiki da megahaz 315, na Turai kuma da 433. Corolla biyu masu kama ɗaya a garaji guda suna iya bambanta ta nan. A duba lambobin da ke bayan tsohon makulli kafin a biya kuɗi.

Lokacin zuwa wurin gwani

Idan pus ya ɓata ko ya lalace, ko ana son ƙarin makulli, aikin na mai gyaran wutar mota ne wanda ke da na'urar da ake jonawa a soket ɗin OBD mai ramuka 16, a ƙarƙashin sitiyari. Ta nan ake rajistar sabon makulli a kwamfutar motar, kuma a yawancin motoci ana iya goge wanda ya ɓata don kada wanda ya tsince shi ya tafi da motar. Ya kamata a je da kart giriz da katin shaida. Wasu masu gyara kan ba da shawarar a kashe tsarin hana sata gaba ɗaya don sauƙi, amma yin hakan yana barin motar ga duk wanda ya iya yanka ƙarfen makulli.

Yin makulli na biyu tun na farko yana aiki ya fi sauƙi da araha nesa ba kusa ba, domin idan duka suka ɓata, a wasu motoci sai an taɓa kwamfutar kanta. Mai makulli ɗaya ya yi na biyu yanzu, ya ajiye shi a gida, sannan ya rubuta lambar pil ɗinsa a inda ba zai manta ba.