Motar lantarki a hanyoyin Adar: me ke sa taya ta yi ta juyi mota ba ta tafiya?

Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, ga kuma ƙarancin esansi da muka sha a watan Maris 2025, maganar mota da adaidaita masu batir ta shigo fira. Ba su da yawa a Madawa, Buza da Keita. Amma kafin wani ya zuba gumin shekaru ya aiko da ita gida, ya kamata mu san halinta idan ta bar kwalta.

Injin lantarki yana ba da ƙarfinsa gaba ɗaya tun daga tashi, ba ya jiran ya ɗau wuta kamar na esansi. A kan babbar hanyar Ƙonni zuwa Maradi wannan abin daɗi ne. A yashin ƙorama ko taɓon kwarin Majiya da na Tarka kuwa, da ka taka da ƙarfi sai taya ta haƙa wa kanta rami. Ga nauyin batir yana ƙara danna ta.

To, abu na farko: sauka ka duba, wani ya taka a hankali. Taya na juyawa ko ba ta juyawa?

In tana juyi tana watsa ƙasa, ƙarfi na nan, kamun ƙasa ne babu. A dubi zanen taya. A Turai, in zurfinsa ya gaza milimita 1.6 doka ta hana hawa da ita, mu kuwa tayoyin da ake kawo mana sau da yawa sun riga sun sha tafiya. A yashi, a rage iska kaɗan don taya ta baje, a share gabanta da shebur, a sa kara ko katako, a tashi sannu a kan tsarin Eco, wanda ke lausasa totur. Da an hau burji a mayar da iskar, in ba haka ba duwatsun Keita su yanka gefen tayar. Mai adaidaita kuma ya daidaita kaya a kan ƙafafun baya. In buhunan albasa sun karkata gefe guda, tayar da ba nauyi a kanta ita ce za ta yi ta juyi a banza.

Akwai abin da ke rikita direbobi. Motar tana da na'urar hana santsi, wadda ke ƙirga juyin kowace taya. Da ta ga ɗaya ta fi sauran gudu, sai ta rage ƙarfi. A kwalta mai ruwa tana ceton rai, a cikin yashi kuwa ita ke kashe maka gudu daidai lokacin da kake buƙatarsa. Motoci da yawa suna da maɓallin kashe ta, mai hoton mota da layuka biyu a karkace. Ka kashe, ka fita, ka kunna. In fitilarta ta ƙi mutuwa bayan an bi taɓo, galibi laka ce ta rufe ƙaramar na'urar da ke bayan taya, ko wayarta ta tsinke. Wannan kam makaniken tasha zai iya.

Sai santsin gangara. Da ka ɗaga ƙafa daga totur, injin na riƙe taya don ya mayar da caji cikin batir, tamkar birki ne. A kan laka yana iya sa motar ta zame, don haka a rage ƙarfinsa kafin a gangara da damina.

In kuwa an taka taya ba ta ko motsi, ko hoton kunkuru ya fito a allon gaba, ba hanya ba ce. Ko caji ya yi ƙasa, ko batir da inji sun yi zafi motar ta rage ƙarfinta da kanta, abin da ba zai ba mu mamaki ba a zafin watan Afrilu. A samu inuwa a jira. Ƙaramin batir mai bolt 12 ma in ya mutu, motar ba ta tashi ko da babban a cike yake.

Kada a ɗaura mata igiya a ja ta zuwa gari tayoyin inji na ƙasa, domin injin zai yi ta haifar da wuta, yana iya ƙona kayan ciki. A ɗora ta a kan babbar mota. Wayoyin nan masu ruwan lemo suna ɗauke da wutar da a motoci da yawa ta kai wajen bolt 400, kada wanda bai koya ba ya taɓa su. Batir kuma a ƙarƙashin motar yake shimfiɗe, shi ne farkon abin da dutse ko ruwan ƙorama zai samu. In ƙorama ta kawo, a tsaya har ta janye.