Ƙotar takobi: maƙeran Arlit tsakanin gado da guba

Duk wanda ya halarci Biyanu a Agadas, ko taron lasar gishiri na Ingal, ya ga Abzinawa bisa raƙuma, kowa da takobinsa a rataye. Galibin masu kallo kube ke ɗauke musu hankali, saboda jar fata da koren ado. Amma masu saye na gaskiya ƙota suke fara dubawa, domin ita ke haɗa hannu da ƙarfe, kuma a kanta ake gane gwanintar maƙeri.

Garin Arlit ba tsohon gari ba ne. An kafa shi a 1969 saboda iraniyom, kamfanin SOMAIR ya fara haƙa a 1971, sannan COMINAK ya biyo baya a Akuta a 1978. Albashin ma'aikata ya jawo ƴan kasuwa daga Tawa, Maraɗi da Damagaram, ya kuma jawo maƙeran Abzin, waɗanda a harshen Tamashek ake kira inadan. Suka sauko da uwar maƙera, da zugazugi, da sana'ar da suka gada kaka da kakanni.

Ruwan takobi, wanda tsawonsa ya kai kamar santimita 80, yana da wata siririyar wutsiya a gindinsa. A kan wannan wutsiya ake gina ƙota baki ɗaya. Da fari maƙeri zai zura faffaɗan ƙarfen da ke kare yatsu, wanda ke ba takobin siffar gicciye. Sai mariƙin kansa, gajere, daidai tafin hannu. Daga ƙarshe sai kan ƙota. A nan ne aikin yake: ana yanka ƴan faya-fayan tagulla da jan ƙarfe, a huda tsakiyar kowanne, a jera su wani bisa wani, babba a ƙasa ƙarami a sama, kana a buge bakin wutsiyar da masaba har ya baje ya riƙe su gam. Bayan haka magagari ya shiga aiki, ana goge gefuna har yatsa ya wuce bai ji mahaɗa ba.

Wannan kai ba ado kaɗai ba ne. Nauyinsa ke daidaita nauyin ruwan, shi ke kuma hana takobi suɓucewa in hannu ya yi gumi. Dabarar jera zobba ba ta tsaya ga Abzin ba. Masu haɗa sandar kamun kifi a Turai da Amurka su ma haka suke gina gindinta, sai dai su da ɓawon itacen liyeji suke yi, irin wanda ake toshe bakin kwalba da shi, wanda kusan rabin na duniya daga Fotugal yake fitowa. Su taushi suke nema, maƙerin Abzin kuwa nauyi.

Akwai kuma dalili na al'ada. A wurin Abzinawa ba a son fatar mutum ta riƙa taɓa baƙin ƙarfe tsirara, shi ya sa ake lulluɓe ƙota da tagulla ko da fata. Ɗinkin fata kuwa aikin matan maƙera ne. Ke nan takobi guda yana ciyar da gida ta hannu biyu.

Tsoffin takubba da yawa ruwansu daga Turai ya zo, musamman garin Solingen na Jamus, ta hanyar ayarin Sahara. Na zamani kuwa da tsofaffin ƙarafa ake ƙera su, kamar sifirin na mota. To a nan ne matsalar Arlit ta bambanta da ta ko'ina. A watan Disamba na 2003 masu bincike na ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa sun auna ƙarafan da ake sayarwa a garin, suka tarar wasu na ɗauke da gubar iraniyom. A watan Nuwamba na 2009 ƙungiyar Greenpeace ta sake samun irinsu a kasuwa. Ƙungiyar Aghir In'Man ta ƴan garin ta daɗe tana jan kunne a kan haka. Wannan guba ba ta da wari, ba ta da launi, wuta ba ta ƙone ta. Maƙerin da ke goge ƙarfe shi ke fara shaƙar ƙurarsa, kafin mai saye ya kai shi ɗakin kwanansa.

Kasuwa ma ta yi sanyi. Tawayen 1990 zuwa 1995, da na 2007 zuwa 2009, da sace baƙi bakwai a Arlit a Satumba 2010 sun kori ƴan yawon buɗe ido. Rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021 ya rage masu albashi a Akokan. Wanda ciniki ya yi wa ƙaranci, ƙarfe mai araha zai nema, ba zai tsaya tambayar asalinsa ba.

Saboda haka nauyi ya rataya a wuyan kowa. Ɗan kasuwar da ke sarin tsofaffin ƙarafa ya kamata ya san inda suka fito. Mahukunta kuma su tanadi na'urar awo a kasuwa, yadda maƙeri zai kai ƙarfensa a duba masa kyauta kafin ya sa shi a wuta. Rigakafi dai ya fi magani, kuma takobin da uba zai bar wa ɗansa bai kamata ya zo masa da cuta ba.